Gwangwanayen Baffa

Na sha wahala a wannan mako, kuma ba don a tausaya mini nake faɗa ba. Labarin rasuwar Baffa a gona ya same ni, ina tsakiyar maimai. Wani direba ne ya bar saƙon a tashar Gwandu, aka yi ta miƙa shi daga baki zuwa baki har ya iso Kambaza da hantsi. Mota biyu na shiga. Ta farko ta mutu a hanya muka sauka muka tura, ta biyu ta tsaya jiran fasinja kamar ba za ta tashi ba. Da na isa Kalgo mutane sun dawo daga maƙabarta, suna wanke ƙafa a ƙofar gida. Ban ga fuskarsa ba, ban kama makara ba. Ni ya kamata in shiga kabari in karɓe shi. Wani ne ya shiga.

Baffa ƙanen mahaifina ne. Shi ya riƙe ni bayan mahaifina ya rasu, shi ya sa ni makaranta na gudu daga aji huɗu, shi ya yi mini aure. Ɗan rubutun nan da nake jagwalgwalawa ma shi ya koya mini. Aikinsa koyar da Turanci a firamare, tun ina yaro har ya yi ritaya. Ni manomi ne, ina ɗan taɓa fataucin wake, ban saba rubuta komai ba sai sunana. Amma na ji abin da ake faɗa a kansa a wurin zaman makoki, na ga in ban rubuta nawa ba, nasu ne zai tsaya.

Da na shiga cikin gida, Inna, matarsa, tana zaune a kan tabarma mata sun kewaye ta. Ba ta yi kuka da ta gan ni ba. Ta dube ni ta ce, "Ka zo." Na ce na zo, Inna. Ta ce, "Ran Talatar da ta wuce ya tambaya ko an yi ruwa wajenku." Iyakar abin da ta ce mini ke nan a ranar. Wata tsohuwa maƙwabciyarsu ce ke kuka da ƙarfi, tana cewa yanzu wa zai riƙa duba mata takardar asibiti. Wani masunci ya zo da busasshen kifi a ƙunshe ya ajiye, ya ce Malam ne ya taɓa hana shi ɗiga wa ɗansa maganin shanu a ido. Ya yi addu'a ya tafi, ko zama bai yi ba.

A ƙofar gida malaman makaranta suka shimfiɗa tasu tabarmar daban. An shafa fatiha ke nan sai gardama ta tashi a kan manhaja, wato takardar nan da gwamnati ke aikowa, wadda ta jera abin da malami zai koyar mako bayan mako. Tsohon hedimastan Baffa na Kambaza ne ya fara.

"Allah ya jiƙan Malam," in ji shi. "Mutumin kirki ne, amma akwai taurin kai. Manhaja ba ta da laifi. Masana suka zauna suka tsara ta. In kowane malami zai ajiye ta ya ɗauko tasa, ina za a kwana?"

Wani malami mai gilashi ya ce, "Ranka ya daɗe, manhajar da ke cewa kowane yaro ya buɗe shafi kaza? Ajina littafi uku ne. Ɗaya ba bango, ɗaya akuya ta ci rabi."

Aka fara dariya, sai aka tuna inda ake, aka haɗiye.

Na kusa da shi ya ce, "Ku bar akuya. Mu kanmu malaman in aka ce mu yi hira da Turanci na minti biyar, tari ke kama mu."

Hedimasta ya gyara hularsa ya ce, "Ko ma mene ne, jarrabawa daga manhaja take fitowa. Ba daga bola ba."

Mutum ɗaya ne bai sa baki ba. Yana gefen tabarmar, gwiwoyin wandonsa duk jar ƙasa. Shi ne wanda ya shiga kabarin. Na san shi sarai, ɗan maƙwabcinmu ne na Kambaza, yanzu malamin Turanci ne a wata firamare a Kalgo. Na kusa shekara ashirin ban dube shi ido cikin ido ba. Sai na faɗi dalili, don daga nan maganar bola ta samo asali.

Da fari Baffa ba shi da rigima da manhaja. Yadda aka ba shi haka yake bi. Ya karanta layi, yara su maimaita da ƙarfi har a jiyo su daga rijiya. Ajinsa ya fi na kowa amo, yana kuma alfahari da haka. In ya dawo gida ya jingine keke, sai 'yata ta biyu ta sheƙo ta karɓi hularsa. Shekararta huɗu. Amaryata yake ce mata, irin wasan kaka da jika. Ya ce, "Amarya, ina tuwona?" Ta ce ita ba ta son tsoho mai farin alli a gemu. Ya ce to zai sake ta. Kullum sai sun yi wannan.

Wata shekara bayan kaka gunda ta fara cin waken da na ajiye. Na sayo gwangwanin magani a kasuwa wurin wani mai tebur, ya ce yana kashe kowane ƙwaro. Jikinsa duk rubutun Turanci ne, wani wuri da ja. Baffa ya tafi Sakkwato kwas na mako biyu. Sai na kira ɗan maƙwabcinmu, don shi ke zuwa na ɗaya a aji shida. Ya tsaya ƙyam, ya riƙe gwangwanin da hannu biyu, ya karanta daga sama har ƙasa bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Wallahi kamar rediyo. Na ce, "To mi yac ce?" Ya sake dubawa. Kunya ta hana shi ya ce bai sani ba, sai ya ce, "Ya ce magani ne mai kyau."

Na zuba a wake. Bayan kwana shida aka dafa a gida. Duk muka kwanta da amai da jiri. Mu manya muka tashi. Ita ba ta tashi ba.

Baffa ya dawo washegarin da aka binne ta. Ya karɓi gwangwanin ya duba. Jan rubutun nan cewa yake kada a kusantar da shi ga abinci, na feshin auduga ne. Bai gaya mini a lokacin ba, wani malamin gona ne ya gaya mini daga baya. Shi dai ya sa gwangwanin a aljihun babbar rigarsa ya shige ɗaki.

Mutanen unguwa suka sa yaron nan a baki. Yara na yi masa waƙa, uwarsa ta daina zuwa rijiya da rana. Ni ban ce masa komai ba, amma in ya gaishe ni sai in kau da kai. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci Baffa ya kama hannun yaron a gaban jama'a ya ce, "Duk mai neman wanda yay yi kisa, ga ni. Ni na koya mishi ya karanta haka. Ni na ba shi na ɗaya a kai." Daga ranar a bayan kekensa yake ɗaukar shi zuwa makaranta. Shi ya yi ta kai da kawo har yaron ya shiga kwalejin horon malamai.

Daga nan Baffa ya canza. Ya fara tsince-tsince. Gwangwanin maganin feshi, kwalbar maganin tari, kwalin allurar dabbobi, buhun taki, takardar da ake naɗe ƙwaya a asibiti. Ya wanke da toka, ya shanya, ya zuba a buhu ya ɗaure a bayan keke. Babban mutum da furfura, ka gan shi ranar kasuwa ya sunkuya a bayan rumfar mai magani yana tona shara da sanda. Na ji kunya, ba zan yi ƙarya ba. Mutane suka sa masa Malam Bola. Yara kuma suka sa masa Malam Mi-yac-ce, don ko me ka karanta masa, ko da kyau ko ba kyau, sai ya karkata kai ya ce, "To mi yac ce?" In ba ka iya faɗa da Hausa ba, a wurinsa ba ka karanta ba. Har liman ya taɓa tsokanarsa, ya ce yana tsoron wata rana Malam ya tare shi da tambayar bayan huɗuba.

Na taɓa jin su da hedimasta a zaurenmu. Hedimasta ya ce sufeto na zuwa, kuma littafin darasi kawai zai duba, ya ga ko an kai inda manhaja ta ce. Baffa ya ce, "Littafinku na ba yaro labarin wani da ubansa ya kai shi bakin teku cikin mota. Yaron Kambaza ya haddace teku, bai san kalmar da ke cewa kada ka sha ba. Manhajarku baki take koya ma yaro, ta bar kai." Hedimasta ya ce ba shi ya rubuta ta ba. Baffa ya ce, "Na sani. Wanda ya rubuta ta bai taɓa ajiye wake ba."

Zan faɗi gaskiyar hedimasta, don yana da ita. Baffa ba ya gama manhaja. Yakan kai rabi shekara ta ƙare. Ɗana na fari a hannunsa ya yi aji biyar da shida. Yaron nan ba takardar maganin da ba zai fassara maka ba, har mata kan aiko a kira shi. Aka yi jarrabawar shiga sakandare, ya faɗi. Ba shi kaɗai ba, ajin ne kusan duka. Ni kuwa na riga na sa rai. Na gudu daga makaranta, na ga yadda abokaina suka zama masu albashi, na ce ɗana ba zai ƙare a kan fartanya ba.

Iyayen yara suka taru suka ce a kai ƙara ofishin ilimi. Wani akawu ya rubuta takarda da Turanci, don an ce in da Hausa ce ba za a kula ba. Masu dangwala yatsa suka dangwala. Da aka zo kaina aka ce ai kai ka iya rubutu, kuma in an ga sunan ɗansa maganar za ta fi nauyi. Na rubuta sunana. Ban tambayi abin da ke ciki ba.

Bayan wata ɗaya takardar canjin wurin aiki ta zo, an tura shi Kalgo. Ya kira ni zaure bayan la'asar. A ofis sun nuna masa ƙarar, har sun ba shi kwafi. Ya shimfiɗa ta a kan tabarma, ya ɗora yatsa a kan sunana.

"Rubutunka ya yi kyau," in ji shi. "Ka daina karkatar da layi."

Na ce, "Baffa, ka kashe ma ɗana gaba. Ka mai da shi mai tsintar bola irinka." Haka na faɗa wa mutumin da ya riƙe ni. Na rubuta shi a nan don kada wani ya rage mini.

Bai ɗaga murya ba. Ya turo mini takardar ya ce, "To mi tac ce?"

Na dubi takardar. Ban da sunana da nasa ba abin da na gane.

Ya ce, "Ta ce na taɓu. Ta ce ina kawo guba cikin aji ina ba yara su riƙe." Ya naɗe ta ya sa a aljihu. "Tashi ka tai, magariba ta kusa."

Abin da ya fi ci mini rai har yau, akwai kalma ɗaya wadda da ya faɗe ta da ya gama da ni. Da ya ambaci yarinyar nan, da ba ni da bakin magana. Bai ambace ta ba. Ko a ranar, ko bayanta.

Ya kwashe iyalinsa ya koma Kalgo. Zumunci bai yanke ba, amma ya zama na gaisuwa. In je da salla, in durƙusa, ya tambayi damina da iyali, in ajiye ɗan wake da gero, in kama hanya kafin azahar. Sau da yawa na shirya maganar a cikin mota, in na isa ta maƙale. Na ji an ce a can ya ɗan sassauta, kwana huɗu yana bin manhaja, Alhamis ta gwangwani ce. Shekarar da aka ba mu jiharmu ta Kebbi ya yi ritaya, amma Alhamis ba ta wuce shi, yakan tura kekensa zuwa makarantar da ɗan maƙwabcinmu ke koyarwa, a ba shi darasin ƙarshe. Ɗana kuwa bai shiga sakandare ba. Yana tsaron shagon maganin gona a Birnin Kebbi, manoma na layi a wurinsa don ba ya sayar da abu sai ya faɗi abin da ke jiki. Abokan karatunsa biyu suna ofis da fanka a kansu. Ban ce ya fi su ba, ban ce sun fi shi ba. Na dai ga yadda ya yi kuka a wannan mako, ban taɓa ganin ya yi irinsa ba.

Ranar sadakar uku, bayan baƙi sun ragu, Inna ta kira ni ta nuna mini ɗakin da ke kusa da zaure. Buhuna ne jingine har kusan rufi. Ta ce, "'Yan'uwana sun ce a kai bola a ƙone, za a sa mai haya. Kai ne babba yanzu. Abin da ka ce shi za a yi." Na ce to a ƙone mana, me za a yi da shara. Na fara jan buhunan waje ni kaɗai, ina jin haushin da ban san na wane ne ba.

A bayan buhu na ƙarshe akwai wata 'yar taga da aka toshe, ya mai da ita ma'ajiya. A ciki na ga ƙunshi. Ɗankwali ne ƙarami mai ɗigon shuɗi, na gane shi tun kafin in taɓa, ni na saya wa 'yata a kasuwar Gwandu da ƙaramar salla. Na kwance. Gwangwanin ne. Ya yi tsatsa a baki, amma jan rubutun na nan. A ƙarƙashinsa ga takardar ƙarar nan a naɗe, da sunana.

Inna na tsaye a bakin ƙofa. Ta ce, "Wannan bai taɓa kai shi aji ba. Malamin nan, ɗan maƙwabcinku, ya roƙe shi ya fi sau nawa. Ya ce ba nashi ba ne, naka ne, sai ran da ka ba da da hannunka."

Na ce, "Don mi bai gaya mini ba?"

Ta ce, "Kai ka tambaye shi?"

Na zauna a kan buhun taki. Ban san iya lokacin da na yi ba, sai da na ji kiran la'asar. Da na fito alwala na tarar da ɗan maƙwabcinmu a zaure yana naɗe tabarmi. Na tsaya. Ya sunkuyar da kai kamar yadda ya saba in ya gan ni. Mutum da gemunsa, da 'ya'yansa uku.

Na ce, "Malam." Ban taɓa kiran shi haka ba. "Kai mi ka gani game da manhajar nan da suke ta gardama?"

Ya ce, "Baba, ni ina bin ta, don in ban bi ba yara su faɗi, iyaye su zo. Amma kullum in yaro ya tashi ya karanta mini shafi da kyau, gabana faɗuwa yake. Na san wanda ya taɓa karatu haka."

Na ce, "Alhamis fa? Wa zai riƙa zuwa?"

Ya ce, "Ba kowa. Hedimastanmu ya ce dama don girman Malam ya bari."

Na ce masa gobe ai Alhamis ce. Ya ce haka ne. Muka tafi masallaci.

Ga abin da na sani game da Baffa. Ba ya cin goro amma kullum akwai shi a aljihunsa don mutane. Ba ya bari a taɓa masa keke. Yana da saurin fushi a kan ƙaramin abu, babban abu kuma sai ya yi shiru. Ya sa ɗana ya faɗi jarrabawa, wannan gaskiya ne. Tun da ya fara tsintar gwangwani kuma ba a sake binne kowa a unguwarmu saboda wake ba, wannan ma gaskiya ne. Masu manhaja su auna, ni ban iya ba. Allah ya jiƙansa, ya haɗa shi da amaryarsa, ya yafe mini abin da ban samu na roƙe shi ba.

Da gari ya waye na ce wa Inna kada a ƙone komai. Na ɗauko kekensa, na ba tayoyin iska, na ɗaure buhu biyu a baya. Ban iya hawa da kaya ba, turawa na yi har makarantar. Hedimastan ya fito yana tambayar ko lafiya, na ce saƙon mamaci na kawo, sai ya matsa. Malamin na tsakiyar darasi, yara na maimaita layi da ƙarfi. Da ya gan ni a bakin ƙofa allin ya faɗi daga hannunsa. Na shiga, na kwance ɗankwalin na mayar aljihu, na ɗora gwangwanin a kan tebur. Na ce wa yaran ni ban yi karatu ba, ina son wanda ya fi kowa a ajin ya taimake ni. Suka nuna wata yarinya a layin gaba. Ta tashi ta riƙe shi da hannu biyu, ta karanta tun daga sama har ƙasa, ba tuntuɓe.

Na ce, "To mi yac ce?"

Ta dubi malaminta. Na ce mata kada ta ji kunya, in ba ta sani ba ta ce ba ta sani ba, ba wanda zai taɓa ta. Ta ce ba ta sani ba. Na jawo benci na zauna a cikinsu, na ce wa malamin, "To bismilla. Fara daga jan rubutun."